Kurege da Manhaja Mai Dangi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ajiye wayoyin nan tukuna!

Ta zo mu ji ta, Iya.

Dabbobin dawa suna da saba, wata babbar kwamfuta mai aiki da tsarin Linux, ita ke kunna musu famfon burtsatse. Kunkuru ke kula da ita, ba ya saka mata manhaja sai daga amintaccen rumbun manhajoji.

Ran nan zai tafi biki, ya ba Kurege makullin shiga.

"Ƙanena, kar ka saka komai daga waje."

"Haba Yaya, ni?"

Kunkuru na juya baya sai ga Kura.

"Kurege, ga manhaja kyauta. Ka saka ta, famfo ya riƙa zubo kunun gyaɗa."

Kun san Kurege da gyaɗa. Ya saka.

Manhaja ta ce, "Ba na aiki sai da ƙanwata."

Ya saka ƙanwa.

Ƙanwa ta ce, "Ba na aiki sai da goggona."

Ya saka goggo.

Goggo ta ce, "Ba na aiki sai da mijina. Shi kuwa ba ya zama gida ɗaya da manhajar famfonku. A cire ta?"

Kurege bai tsaya saurare ba, yawu na zuba, ya danna "e".

Famfo ya yi tsit. Ba kunu, ba ruwa.

Sai ga Giwa da ƙishi. "Kai ɗan tsurut! In rana ta faɗi ban sha ba, kai zan taka."

Kurege ya koma gaban kwamfuta. Can ya raɗa wa manhajar farko, "Baiwar Allah, kin ga kwamfutar Kura? Fili har da tsakar gida!"

Ta tattara ta tafi. Ƙanwa ta ce don yayarta ta zo, ta bi ta. Goggo ta bi ƙanwa, miji ya bi goggo. Kurege ya ruga amintaccen rumbu, ya mayar da manhajar famfo. Ruwa ya zubo shaa! Giwa ta sha, Kurege ya sha da ƙyar.

Kunkuru ya dawo, ya duba.

"Manhajar famfo sabuwa fil! Har sabunta ta ka yi?"

"Ai aikinmu ke nan, Yaya."

"To madalla. Miƙo makullin."

Kura kuwa har yau tana can tana fama, mijin goggo ya ce ba ya aiki sai da kakarsa.

Kurunkus kan kurege! In baƙo ya ce sai da goggonsa, ku fara tambayar wa take aure.