Hantar da Aka Kama Baba Nagode da Ita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a boko ba. Kwana biyar ke nan wani abu yana cina a rai, ko abinci ba na jin daɗinsa. Wadda ta fi kowa daɗewa a wurin sana'ata ta dambun nama ta daina zuwa aiki, kuma na san ni ce sanadi. Amma bari in fara ba ku wani labari, don shi ne yake ta dawo mini.

Akwai wani mahauci a Talata Mafara mai suna Ɗan Asabe. Saniya ɗaya yake yankawa a rana, ran kasuwa biyu. Ma'aikatansa huɗu ne, babbansu wani dattijo mutumin Dakko, ana ce masa Nagode. Tun zamanin mahaifin Ɗan Asabe yake gidan, shi ya ma koya wa Ɗan Asabe riƙon wuƙa.

Suna da wata al'ada. Kullum in an gama fiɗa, sai a gasa tsoka da ɗan kayan ciki, su biyar su zauna a tabarma ɗaya su ci. A wurin cin nan ake faɗar komai. Wanda ya ga saniya tana tari ya faɗa. Wanda maigida ya ɓata wa rai ma ya faɗa, a yi dariya a wuce. In za a tashi, kowa ya ƙunshi ɗan kason da zai kai gida. Ba wanda ya taɓa auna shi.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Gari ya cika da Turawa da direbobi da leburori, kowa kuma yana son nama. Ɗan Asabe ya samu kwangilar kai nama sansanin ma'aikata.

Cikin wata shida, saniya ɗaya ta koma goma sha biyu. Mutum huɗu suka koma talatin da wani abu, wasu daga Bakura, wasu daga ƙauyukan Maradun. Ya sayi a-kori-kura, ya kewaye mahautar da kwano, ya sa mai gadi a ƙofa. Ya kuma ɗauko wani ɗan boko mai suna Tukur ya shugabanci ma'aikata.

A sansanin, da sikeli ake karɓar nama. Sai Tukur ya ce, "Alhaji, mutum talatin in kowa ya ƙunshi na gida, rabin saniya ta tafi."

Aka soke kason. Gashin naman nan ma aka daina, ba don mugunta ba, mota ce kullum take jira. Shi kansa Ɗan Asabe kullum yana hanyar kasuwannin shanu. In ya shigo sai dai ya ce "kai, zo nan", don rabinsu bai san sunansu ba.

Ana nan sai Shatu, matar Nagode, ta kwanta ciwo. Aka ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin hanta. Wata Alhamis Nagode ya yanki hanta da ba ta kai tafin hannu ba, ya ƙunshe ya sa a aljihu, kamar yadda ya saba yi shekara talatin.

A ƙofa sabon mai gadi ya tare shi ya lalube aljihun.

"Mi ka ɗauko, tsoho?"

"Hanta ce, ɗana. Iyalina ba lafiya."

"Ku zo ku ga ɓarawo da furfura!"

Ma'aikata suka taru. Daidai nan Ɗan Asabe ya sauko daga mota, ƙura duk ta rufe shi. Nagode ko a jikinsa, har murmushi ya yi.

"Yauwa. Ɗan Asabe, gaya ma yaron ga ko ni wa ne."

Ɗan Asabe ya dubi idanun mutum talatin suna kallonsa. Ya yi tunanin in ya ƙyale ɗaya, gobe kowa zai ɗiba. Sai ya kau da kai ya ce, "Baba, doka ta kowa ce. Mai da ita kan sikeli."

Nagode ya aje hantar. Ya zaro wuƙarsa ya goge ta tas, ya aje a gefenta.

"Allah shi ƙara buɗi," in ji shi. Washegari ya kwashe iyalinsa ya koma Dakko.

Daga ranar mahautar ta yi tsit. Aiki ana yi, amma babu mai tsokanar wani, babu mai cewa ga abin da na gani. Tsofaffin ukun da suka rage sai su sunkuyar da kai in maigida ya shigo.

Bayan wata uku aka sayo shanu cikin gaggawa, ashe ɗaya tana da ciwo. Da aka fiɗe ta, huhun ya manne da haƙarƙari, hantar duk ƙulli-ƙulli. Yari, ɗaya daga cikin tsofaffin, shi ya fiɗe ta. Ya gani, ya yi shiru, aka loda a mota.

Mai duba nama na sansanin ya gano. Ya mayar da motar gaba ɗaya, kafin sati ya zagayo an ba wani kwangilar.

Ɗan Asabe ya kira Yari yana huci. "Ka gani, ka ƙi faɗi? Kai da muka tashi tare?"

Yari ya ce, "In faɗi a ina, Alhaji? Wurin da muke faɗi ka naɗe shi. Wanda ya girme ni ya taɓa hanta, an ce mishi ɓarawo kana tsaye. Ni mi ya kai ni zancen hanta?"

Sabbin ma'aikatan suka watse, ko sallama babu. Sai a lokacin Ɗan Asabe ya nufi Dakko. Nagode ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa, suka gaisa doguwar gaisuwa. Da ya tambayi jikin Shatu, sai Nagode ya ce, "Shatu ai har mun yi sadakar arba'in."

Ɗan Asabe ya fashe da kuka yana roƙon gafara.

"Na yafe ma tun a bakin ƙofa," in ji Nagode. "Amma hannun ga ba ya sake riƙe wuƙa a gidanka."

'Yan uwa, Ɗan Asabe mahaifina ne. Har ya bar duniya, in ya ba mu labarin nan sai muryarsa ta karye. Ga shi ni da na ji shi ya fi sau ɗari, na taka sawunsa.

Ni da Husaina, wadda na ce ta daina zuwa aiki, muka fara dambu da tukunya ɗaya, shekara goma sha huɗu da suka wuce. Yanzu mata goma sha tara ke gare ni, muna aikawa Gusau da Sakkwato. Kwanakin baya mahaifiyar Husaina ta rasu a garinsu, Kaya. Ranar muna da aikin wani babban biki. Sai na tura mata ta'aziyya ta waya, na kuma hana sauran matan tafiya, na ce in mun gama ma je. Muka gama, wani aikin ya shigo, ba mu je ba.

Bayan sadakar bakwai ta dawo ta yi kwana biyu tana aiki. Da za ta tafi ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Yaya, da can da ƙafarki kike zuwa." Ban sake ganinta ba. Sauran kuma ina shiga ɗakin aiki sai hira ta mutu.

Darasi: In Allah ya buɗa maka, kada saurin aiki ya sa ka daina zama da waɗanda suka ɗaga ka. Ranar da ma'aikaci ya ga ba a san darajarsa ba, zai ga ɓarna da idonsa ya yi shiru. Don Allah ku tura wa duk mai mutane a ƙarƙashinsa.

Yanzu ni ku ba ni shawara. Jibi Juma'a akwai dambun da na yi alkawarin aikawa. In rufe wurin, in kwashi matan duka mu tafi Kaya, ko da mai kayan zai yi fushi? Ko in fara zuwa ni kaɗai in durƙusa mata? Tsoro nake ji kada ta ɗauka aikinta na biyo, ba ita ba. Ya zan yi?