Ɗan Zomon da Maijidda Ta Goya

Maijidda 'yar autar Malam Dabo ce, a wani ƙauye da ke gabas da Ɗanbatta. Yarinya ce mai tausayi, wannan kam babu mai musu. Aibinta guda ɗaya ne, zumuɗi. In abu ya faranta mata rai, to shi ke nan, kanta ba ya sake riƙe komai. Ita ce za ta ɗora tukunya, ta jiyo kiɗa a bayan gida, ta fice da ludayi a hannu, sai ƙauri ya dawo da ita. An yi faɗan, an yi nasihar, har an gaji an zuba mata ido.

Abin ya faru ne a shekarun fari, lokacin da ruwan sama ya yi ƙaranci, rumbuna suka zama wayam. A gidan Malam Dabo sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, wata rana ma kwaɗon tafasa ne kawai. Dabbobi duk an kai su kasuwa an sayo hatsi, sai akuya guda ta rage, wadda ake tatsar ɗan nononta a zuba wa Maijidda a kunu.

Wata safiya Malam Dabo yana noman gyaɗa, Maijidda na biye da shi tana kwashe ciyawa, sai fartanya ta sauka a wani tushe, aka ji ɗan kuka siriri. Ya janye hannu da sauri.

"Subhanallahi! Ɗan zomo ne kwance a nan."

Maijidda ta zubar da ciyawa ta rugo. Ga shi nan, bai cika tafin hannu ba, kunnuwa a kwance, ƙafar baya ɗaya ta karye tana jini.

"Wannan ba zai yi rai ba," in ji Malam Dabo. "Bari in yanka shi, ko romo a samu."

"Wayyo Baba, don Allah kada ka yanka! Ka ba ni shi, ni zan yi jinyarsa."

"Ke? Ke da ko tukunya ba kya iya tsarewa?"

"Wallahi Baba zan iya. Ka gwada ni."

Ya dube ta ya ga idanunta sun ciko, sai ya mayar da wuƙa aljihu. "To, kai shi wajen Iya, mu ga iyawar taki."

Iya Kaltume, mahaifiyar Malam Dabo, ita ke ɗora ƙafar kaji da 'yan awaki a unguwar. Ta wanke ciwon, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta tsaga sillen kara ta tallafe ƙafar, ta naɗe da tsumma. Sannan ta kamo kunnen jikarta.

"Saurara da kyau, uwar zumuɗi. Wannan ba kyanwa ba ce, ɗan daji ne. Ba karaya ke kashe su ba, tsoro ne. A akurki zai zauna, cikin duhu. Safe da yamma ki ba shi nono ki mayar da shi. Kada ki yi yawo da shi, kada ki tara masa jama'a. In ƙafa ta kama, sai a mai da shi gonar da aka ɗauko shi. Kin ji ko?"

"Na ji, Iya."

"Nonon fa, daga ina?"

"Nawa zan ba shi."

Haka kuwa aka yi. Tun daga ranar Maijidda ta koma shan kunu zalla. Takan tsoma 'yar auduga a nono ta ɗiga masa a baki. Da fari ya ƙi, sai ya dunƙule yana kyarma. Ranar da ya kama audugar ya tsotsa kuwa, kai, sai ga Maijidda a tsakar gida tana tsalle. "Ya sha! Wallahi ya sha!" Sai da Iya ta jefe ta da mafici ta ce ta rufa wa bawan Allah asiri da ihu.

Ta raɗa masa suna Ɗan'auta, wai ita ma yanzu ta yi ƙane. Sannu a hankali ya fara gutsirar ganyen gyaɗa, jikinsa ya murje, kunnuwa suka miƙe. Maijidda ta rame kaɗan, amma ko a jikinta. Abin mamaki, duk tsawon lokacin nan ko sau ɗaya ba ta fitar da shi daga gida ba.

Ranar da Iya ta kwance ɗorin, kowa na gidan ya zo ya tsaya daga nesa. Ɗan zomon ya taka ƙafar, ya ɗan tsaya, sai ya yi tsalle ɗaya, ya ƙara wani. Maijidda ta toshe bakinta da hannu biyu don kada ihu ya kuɓuce mata.

"Lallai kin ba ni kunya," in ji Malam Dabo yana dariya. "Gobe da sassafe mu kai shi gona, ki sake shi da hannunki."

A ranar ne kuma ake suna a gidan Nababa, maƙwabcinsu, wanda ya dawo daga cin rani a Kano da ɗan abin hannunsa. An daɗe rabon da a ji kiɗa a ƙauyen, don haka gari ya ɗauka. Bayan la'asar, Iya ta riga ta tafi gidan sunan, sai ga Larai, ƙawar Maijidda, ta faɗo gidan tana haki.

"Ke, kina nan? An taru a dandali za a fara gaɗa! Kuma kullum sai labarin zomo kike cika mu da shi, ba wadda ta taɓa ganinsa. Anya ba ɓera kike kiwo ba?"

"Ɓera? Ɗan'autan nawa?"

Maganar ta sosa mata rai. Gobe fa zai tafi, kuma ba wanda zai yarda ta taɓa warkar da zomo. Ta ce a ranta, ai ya warke, sau ɗaya tak ba zai yi komai ba. Ta ciro shi daga akurki, ta ɗora shi a baya, ta ɗaure da majanyi kamar yadda take goya 'yar tsanarta. Tana jin zuciyarsa na bugawa fat-fat-fat a gadon bayanta, ta ce, "Yi shiru mana, yanzu za mu dawo."

Da isarta dandali 'yan mata suka yanyame ta. Wannan ta ja kunne, waccan ta taɓa hanci, wata ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Jama'a, Maijidda ta haihu!" Aka kwashe da dariya. Daɗi ya cika Maijidda har ba ta jin ƙafarta a ƙasa.

Sai aka ja layin gaɗa. Tafi ya kaure, waƙa ta tashi. Yarinya ta fita tsakiya ta yi rawa, ta dawo da baya ta saki jiki ta faɗa hannun 'yan'uwanta, su cafe ta su cilla sama. A wannan wasa kuwa duk unguwar babu kamar Maijidda.

"Maijidda, fito! Fito mana!"

Ta fita. Ta juya, ta karkaɗa, ta taho da baya da gudu ta faɗa da dukkan nauyinta. Suka cafe, suka cilla. Ta dira tana dariya, ta koma ta sake faɗawa. Sai da Larai ta ƙwalla ƙara.

"Maijidda, goyonki!"

Tafi ya tsaya cak. Nan take ta kwance majanyin. Ɗan'auta ya zamo cikin tafinta laƙwas, jikinsa da ɗumi, idanu a buɗe, amma bugun nan da take ji a bayanta ya daina.

Ta kwasa da gudu har tsakiyar matan gidan suna, ta zube gaban kakarta. "Iya, ki ɗora shi! Don Allah ki sake ɗora shi!"

Iya Kaltume ta karɓe shi, ta juya shi, ta shafa ƙafar nan da ta sha jinya. "Ƙafa kam ta warke sarai," ta ce a hankali. "Wannan na yanzu, 'yar nan, ba a ɗora shi."

Washegari da sassafe Malam Dabo ya ɗauki fartanya ya kira ta. Bai yi mata faɗa ba. Suka je daidai tushen da aka tsinci ɗan zomon, ya haƙa ɗan rami, ta sa shi da hannunta ta rufe.

"Na ce yau za mu dawo da shi," in ji shi. "Ga shi mun dawo da shi."

Da suka koma gida aka miƙa mata kununta, fari tas da nonon akuya, tun da yanzu babu mai sha sai ita. Maijidda ta dubi ƙwaryar, ta fashe da kuka, ta kasa kai ta baki.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, tausayi kaɗai ba ya isa riƙon amana, sai an haɗa shi da natsuwa har zuwa ƙarshe. Maijidda ta hana cikinta, ta yi haƙuri na tsawon lokaci, amma zumuɗin yamma ɗaya da son a gani a yaba suka rushe duk wahalarta. Duk wanda aka damƙa wa rai mai rauni, na mutum ne ko na dabba, ya riƙe gargaɗin manya, kuma ya fi yin hattara a lokacin da murna ta ɗebe shi, don a lokacin ne aka fi yin ɓarnar da ba ta gyaruwa.