Ranar Da Motar Gidan Yari Ta Tashi Babu Mai

Daga cikin karamomin Shehinmu, kogin ilimi, masanin fiƙihu, mai tsantseni da yawan kuka don tsoron Allah, Allah Ya ƙara masa yarda, akwai abin da ya faru da wani kafinta a gidan yari, inda Shehu yakan shiga ya karantar da waɗanda duniya ta manta da su.

An kama kafintan ne bisa zargin sayen katakon sata, aka jefa shi ɗakin masu jiran shari'a, inda ake kwana a matse kamar an jera itace, har 'yar da ya bari a cikin uwarta ta fara gudu. Burinsa kawai alƙali ya ga fuskarsa, domin lauyan da ke taimakonsa don Allah ya ce muddin ya tsaya gaban kotu, beli ba zai yi wuya ba. Amma duk ranar zama sai a ce motar kai fursunoni ba mai, a sake ɗage shari'ar.

Wata safiyar zama, da aka sake cewa ba mai, kafintan ya riƙe gefen rigar Shehu yana kuka kamar ransa zai fita. Shehu ya fita haraba, ya tarar da direba ya kishingiɗa a inuwar motar. Ya dafa ƙarfenta da hannunsa mai albarka, ya motsa leɓɓansa, sannan ya ce, "Ɗana, tashi ka murɗa makulli." Direban ya rantse tanki a bushe yake ƙamas, kunyar Shehu ce kawai ta sa ya murɗa. Da izinin Allah mota ta tashi. Gandurobobi suka saki baki, kafinta kuwa ya hau, duk hanya yana bitar abin da zai faɗa wa alƙali.

Suka iske kotu a buɗe, kujerar alƙali ba kowa. An canza wa alƙalin wurin aiki, magatakarda ya ce sai an kawo sabo a faro shari'ar daga tushe, kuma shi ma bai san yaushe ba. Motar ta dawo da su, tana shiga ƙofa ta mutu.

Da labari ya kai wa Shehu, hawaye suka jiƙa gemunsa. Ya ce, "Ƙarfe ya ji roƙo. Saura mutane."

Har yau kafintan yana ciki, ya ma daina tambayar ranar zama. Allah Ya ƙara wa Shehu daraja da kusanci. Ya Ubangiji, don albarkar wannan bawa Naka, Ka tausasa zukatan da suka fi ƙarfe tauri, Ka duba waɗanda aka rufe aka manta, Ka ba mu rabo daga albarkarsa. Amin.