Mararraba Ta Bakwai

Wani dattijo mai suna Don Evaristo Zelarayán ya yi shekara talatin da takwas yana aikin wutar sigina a layin dogo, kuma duk garin Tafí Viejo an shaida ya iya aikinsa. Aibinsa guda ne: ba ya yarda a duba abin da hannunsa ya haɗa. Ka ce masa a gwada, sai ya ɗaure fuska kamar ka zagi iyayensa.

Da ya yi ritaya, sai ya shiga ƙungiyar tsofaffin ma'aikata masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa a wani tsohon sito bayan tasha. Katafaren tebur ne suka shimfiɗa wa layin dogo, da gadoji, da gonakin rake na roba. Kowace Asabar da la'asar sukan taru, ƙoƙon shayinsu na mate yana zagayawa daga hannu zuwa hannu. Mai zuba ruwan zafin shi ne Don Ulises Barraza, tsohon maƙeri, aminin Evaristo tun suna samari.

Ulises yana da wani kan jirgi na tagulla, bai wuce tsawon tafin hannu ba, wanda ya kwashe shekara tara yana ƙerawa. Ya sa masa sunan marigayiya matarsa, Delfina. Yanzu hannunsa rawa yake yi, ko maɓallin riga da ƙyar yake sawa, don haka kowa ya san ba zai sake ƙera wani ba. Al'adar ƙungiyar ce, duk layin da aka gyara, Delfina ce ke fara hawa.

A makon nan Evaristo ya sabunta wayoyin mararraba ta bakwai, inda layi ke rabuwa biyu. A tsakiyar kowace mararraba akwai ɗan guntun ƙarfe da ke karɓar wuta daga makunni a ƙarƙashin tebur. Jar waya da baƙar waya ne ke shiga makunnin, kuma in aka juya su, ƙafar jirgi tana taɓa wurin sai wuta ta haɗu. Evaristo ya san wannan fiye da kowa. Abin da ya ɓoye wa kowa shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani, har a duhun ƙarƙashin tebur ja da baƙi sun zama abu ɗaya a wurinsa.

Ranar Asabar Ulises ya ɗora Delfina a kan layi. Ta taho a hankali, gwanin sha'awa, tana isa mararraba ta bakwai sai ta tsaya cak, fiyus ya ƙone. Aka sa sabo, aka maido ta baya. Ta sake zuwa, ta sake tsayawa.

Doña Nélida, wadda ta koyar da aikin lantarki a makarantar sana'a kafin ta ajiye aiki, ta ciro mita daga jakarta.

"Don Evaristo, bari in leƙa ƙasan nan. Minti biyar kawai."

"Ki leƙa me? Kin yar da ɗan kunne ne?"

"Sau biyu a wuri ɗaya fa. Ko dai wayoyin sun juya?"

"Ji wata magana! Malama, ina haɗa wayar sigina tun kina rarrafe. Jiragen gaske na tsare, masu ɗauke da mutane. Tsohuwar Delfinar nan ce ke zuƙar wuta, fiyus ɗin ya yi mata kaɗan."

Ulises ya miƙa masa ƙoƙon yana murmushi. "Kai tsoho, sha ka huce. Ka bar ta ta gwada mana, ko mu ɗora wani inji mu gani. Ba sauri muke ba."

"Wato kai ma ka koma bayanta? Shekara hamsin da sanina, yau kake shakkar hannuna?"

Ulises ba ya son ya kunyata amininsa a gaban mutane. "To, yadda ka gani," ya ce a hankali. "Na yarda da kai."

 Evaristo ya tuna yadda ya yi ta laluben wayoyin nan ranar Laraba. Amma idanu takwas na kansa, girman kai kuma ya riga ya hau. Ya zare fiyus ɗin, ya murɗa wayar tagulla mai kauri a gurbinsa. Doña Nélida ta ce, "Kada ka yi haka!" Ya yi kamar bai ji ba, ya murza wuta.

Delfina ta isa mararraba ta tsaya. Wannan karon babu abin da zai yanke wutar. Evaristo, maimakon ya kashe, sai ya ƙara murzawa, wai ta tsallake da ƙarfi. Wari ya tashi, siririn hayaƙi ya biyo baya. Kafin Nélida ta fizge waya daga bango, robar da ke cikin ƙafafun ta narke, dalmar da ta riƙe su ta saki, ƙafafu biyu suka kwanta gefe.

Ulises ya ɗauke ta da hannun rigarsa saboda zafi. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya naɗe ta a ƙyalle, ya ɗauki fulas ɗinsa da ƙoƙonsa.

"Ulises, tsaya mana, zan nemo wanda zai..."

"Wa zai gyara? Ni kaɗai na san cikinta." Ya ɗaga hannunsa mai rawa, ya nuna masa. Sannan ya fita.

Nélida ta durƙusa da tocila da mita. Ko minti biyar ɗin ba ta cika ba ta ce, "Ja yana wurin baƙi." Ta sauya su, aka sa fiyus, aka ɗora wani inji, ya wuce sumul.

Bayan wata biyu aka yi wa Evaristo aikin ido, ya dawo yana gani tangaran. Ya je gidan Ulises ya nemi gafara, ya faɗi gaskiyar abin da ya ɓoye. Ulises ya yafe masa, suna gaisawa a hanya, amma bai sake taka sito ba. Har yau Evaristo ba ya haɗa waya sai ya kira Nélida ta gwada. Duk lokacin da aka gyara sabon layi, mutane kan ɗan yi jim kafin a ɗora jirgi, shi kuma sai ya sunkuyar da kai.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ƙwarewa ba ta hana kuskure, kuma wanda ya ce a duba aikinka ba raina ka ya yi ba. Idan abu ya ƙi sau biyu a wuri ɗaya, ka nemi dalilin, kada ka cire abin da ke yi maka gargaɗi. Musamman ka ji tsoron ranar da wani ya ce ya yarda da kai, domin daga lokacin abin da girman kanka zai ƙona ba naka ba ne.