Ranar da Tihomir Ya Koma Kamar Cokali

Akwai wani mutum mai suna Radoslav, ɗan tsoho Tihomir mai gonar inabi. Ranar Slava, bikin waliyyin gidansu, uba ne ke kunna kyandir ya gutsura burodin biki, har sai ranar da ya miƙa wa ɗansa wannan aikin da hannunsa.

Wata shekara Radoslav ya gayyato manyansa na ofis daga birni, kansa ya kumbura. Da ya ga hannun tsohon na rawa wajen kunna kyandir, sai ya fizge ashanar.

"Kawo nan, Baba, kada ka ƙone mana gida!"

Baƙi suka yi dariya. Nan take tsawon Tihomir ya ragu da taƙi guda. Radoslav ya gani sarai, amma ya ce wa ransa rigar ce ta yi masa yawa.

Ana cikin cin abinci tsohon ya fara labarin yadda ya dasa gonar.

"Haba Baba, sau ɗari muka ji wannan. A bar mutane su ci abinci."

Tihomir ya ƙara raguwa, ƙafafunsa suka daina taɓa ƙasa.

Da lokacin gutsura burodi ya yi, aka nemi tsohon aka rasa. Zorka matar Radoslav ce ta ɗaga mayafin tebur ta kurma ihu. Ga tsohon a kan kujerarsa, bai fi cokali ba.

Radoslav ya zube a ƙasa gaban mahaifinsa.

"Baba, ni na yi maka wannan. Ka yafe mini."

Sai da ya kara kunnensa sannan ya ji muryar.

"Ba komai, ɗana. Tashi ka kula da baƙinka, miya na hucewa."

Wallahi da zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Daga ranar kullum sai ya nemi gafara, tsohon kuma yana ƙaruwa kaɗan kaɗan. Amma da ya kawo ƙugun ɗansa sai ya tsaya cak, a haka ya rasu bayan shekara biyu.

Radoslav shi kaɗai ya rungumi akwatin gawar zuwa makabarta. Ya ce bai taɓa ɗaukar abin da ya yi masa nauyi haka ba.

Darasi: Iyaye suna yafewa da wuri, amma abin da ka rage musu a gaban mutane ba duka yake dawowa ba. Tura wa wanda iyayensa ke raye.