Yara Uku da Aka Sauke Daga Kamyo

Akwai wani malamin motsa jiki mai suna Alƙasim, wanda aka turo wata koleji a ƙasar Madawa a shekarar 1981. Da ya zo bai tarar da filin ƙwallon kwando ba, sai wani faƙo mai tsakuwa a bayan azuzuwa. Shi da ɗalibansa suka tsince duwatsun, suka daɓe wurin da jar ƙasa. Maƙerin unguwa ya lanƙwasa musu ƙarfe biyu, suka kafa a jikin katako.

Dokarsa ɗaya ce: wanda bai yi gumi ranar horo ba, ba zai sa riga ranar wasa ba, ko da tsawonsa ya kai giginya.

Kullum bayan sallar asuba yaransa goma suna gudu a cikin yashin gulbi. Da la'asar kuma sai jifa da miƙa ƙwallo har hannu ya yi tsami. A cikinsu akwai Almu, ɗan manomi daga Galma, gajere ne ƙwarai, amma shekara biyu bai taɓa fashin horo ba, ko ranar da zazzaɓi ya kama shi.

Alƙasim yana da amini a makarantar, Maiguwa, mai kula da tarbiyyar ɗalibai. Garinsu ɗaya, Karofan, tare suka yi lakwal, wato makarantar firamare. Maiguwa bai yi aure ba tukuna, don haka kwano ɗaya suke ci a gidan Alƙasim.

A shekara ta biyu yaran suka ci wasanninsu na yanki, aka gayyace su gasar makarantu a Tawa. Kowane ɗan wasa sai da lisans, wato kati mai hotonsa da sa hannun kocinsa.

Maiguwa ya kawo katunan ba a rubuta komai a kansu ba. Ya ce, "Aiki ya yi ma yawa, aboki. Sa hannu kawai, ni in cika sunaye in liƙa hotuna."

Alƙasim ya sa hannu a kan guda goma, ya koma fili.

Ranar tafiya da safe, ya iso bakin makaranta ya ga abin da bai gane ba. Almu da abokansa biyu suna tsaye a ƙasa riƙe da jakunkunansu. A cikin kamyo kuwa, wato babbar motar da za ta kai su, ga wasu zarata uku dogaye, har da mai gemu, sanye da rigunan makaranta.

Almu ya matso wajen malaminsa. "Mushe, mi munka yi? An ce mu sauka."

Alƙasim ya juya wajen amininsa. "Maiguwa, su wane ne waɗanga?"

"'Yan gari ne, sun buga a manyan ekip na ƙwallo. Kai dai bari. Tawa ba wurin gajeru ba ne."

"Ba ɗalibai ba ne! Ko sau ɗaya ba su taka hilinmu ba."

Sai ga shugaban makaranta ya fito. Ashe makonni Maiguwa yana shiga ofishinsa, yana ce masa taurin kan Alƙasim zai jawo wa makaranta kunya. Shugaban bai ko dubi idon Alƙasim ba, ya ce Maiguwa ne zai jagoranci tafiyar, shi Alƙasim ya tsaya ya riƙe azuzuwa.

Kamyo ya tashi. Aka bar Alƙasim da yara uku a bakin hanya.

A Tawa, rabin farko na wasan ya yi daɗi, dogayen nan suna ta zurawa. Bayan an dawo hutu sai numfashi ya ƙare musu. Ba su san alamun da yaran suka saba da su ba, ba sa miƙa wa kowa ƙwallo. Aka ci su da tazara mai yawa. Kafin su bar fili, alƙalin wasa ya gane mai gemun, don ya taɓa koyar da shi shekaru shida da suka wuce, ya san yanzu ba ɗalibi ba ne.

Aka tambayi Maiguwa. Ya ɗaga katunan ya ce, "Ku duba hannun wa ke nan. Ni rakiya kawai na yi."

Aka hana makarantar shiga gasa shekara biyu. Shugaban ya nuna kamar bai san komai ba. Alƙasim ya rantse, ya kawo yaran su yi shaida, amma aka ce takarda ta fi baki. Aka rubuta masa gargaɗi, aka mayar da shi ƙasar Keita.

Ranar da suke ɗaure kaya, matarsa Cima ta ce cikin kuka, "Mutumin da ni da hannuna nake zuba mishi tuwo!"

Alƙasim ya ce, "Bar shi, Cima. Allah na gani." Amma wata guda ya yi abinci ba ya masa daɗi. Ba canjin wurin ne ya fi cin ransa ba. Wannan ce shekarar Almu ta ƙarshe a koleji, kuma ya koma Galma bai taɓa buga babbar gasa ko ɗaya ba.

A Keita ma babu fili. Alƙasim ya sake tara yara, ya fara daga farko da dokarsa ta da. Shekarar farko aka ci su, ta biyu ma haka. A ta huɗu suka je Tawa, babu dogo ko ɗaya a cikinsu, suka gajiyar da kowa da gudu, suka ɗauko kofi.

Maiguwa kuwa asirinsa ya tonu tun kafin nan. Ya sake irin wannan wasa da takardun jarrabawa, kuma a wannan karon babu hannun wani da zai ɓuya a bayansa. Aka sallame shi daga aiki.

Bayan an ba da kofi, Alƙasim yana fitowa sai ya gan shi a bakin ƙofa, ya rame, takalminsa ya tsinke.

Maiguwa ya sunkuyar da kai. "Na cuce ka, Alƙasim. Ka yahe mini don Allah."

Alƙasim ya dube shi. Sannan ya ce, "Nawa na yahe. Ni an ba ni wani hili, na sake gini. Amma Almu ba a ba shi wata shekara ba. Yana Galma yana noma. Ka san hanya."

Ya wuce wajen yaransa da ke jiransa a mota.

Darasi: Nasarar da aka sato ba ta kwana a hannu, wadda aka yi wa gumi ita ce ke zama. Kada son suna ya sa ka ci amanar wanda ya yarda da kai, domin wata cutar ko an yafe maka ba ta gyaruwa. Kuma ko ɗan uwanka ne, karanta kafin ka sa hannu. Ku tura wa 'yan uwa, musamman malamai da masu horar da yara, ko wani zai amfana.