Dagin Dogara Mai Rijiya

To, ku matso ku gyara zama. Kai Mati, ajiye raken nan haka, tsotsonka ya hana ni jin muryata. Ga wata tatsuniya nan na kawo muku, kuma yau ba mai tashi daga tabarmar nan sai ya faɗi ra'ayinsa, ko da za a kira Magariba muna kai.

A wani gari da ake kira Faƙon Kanya an yi wani mahaƙin rijiya mai suna Dogara. Sana'ar gadon gidansu ce. Yana da wani dagi na baƙin ƙarfe da ya gada wurin ubansa, shi ma uban ya gada wurin nasa. Al'adar gidan kuwa, duk wanda aka damƙa wa dagin nan shi ne babba. Shi ake aiko wa in za a yi sabuwar rijiya, shi ke nuna inda za a sara, sauran su bi bayansa. Ba a raba dagi biyu, ba a kuma karɓa-karɓa da shi. Mutum ɗaya ake ba.

Dogara na da 'ya'ya maza uku, uwa ɗaya uba ɗaya, ya kuma raba musu aiki tun suna samari. Jatau, babbansu, shi ke shiga rami. Tanimu, mai bi masa, shi ke riƙe igiya a bakin rijiya. Barmo, autansu, shi ke loda ƙasar da aka fitar a mangala, ya kora jaki ya kai ta nesa. In ka hango su suna aiki sai ka ce kai, wannan gida Allah ya yi masa albarka. Amma ku zo ku ji abin da ke cikin zukatansu.

Jatau yana can ƙasa cikin duhu da zafi, in ya ɗaga kai sai ya hangi Tanimu tsaye kusa da ubansu suna shan iska. Sai ya ce a ransa, "Wato ni ne wanda in rami ya rufta da shi ba a yi asara ba. Ɗan lele kuwa yana sama." Shi kuma Tanimu, duk ranar da aka cim ma ruwa, Jatau ne ke fitowa jiki duk laka, mata su rangaɗa masa guɗa, maza su kama hannunsa. Ba mai ko duban wanda tafinsa ya yi kanta da jan igiya. Abin nan na cin Tanimu ƙwarai. Har ya zauna ya tufka wata sabuwar igiya ta rama, kakkaura, don ya nuna cewa shi ma aikinsa gwaninta ne. Da ya kai wa uban, tsohon ya juya ta ya ce, "Ta yi kyau, amma tsohuwar ma ba ta gaji ba tukuna." Shi ke nan fa! Tanimu ya ƙulla abin a ransa. Kullum sai ya cusa igiyar a buhu ya tafi da ita wurin aiki a ɓoye, yana fatan ranar da tsohuwar za ta tsinke kowa ya ji kunya. Shi dai ya ce da gugan ƙasa yake fatan ta tsinke. Ko har da Jatau a jikinta, oho, ni ban shiga zuciyarsa ba.

Barmo kuwa nasa ya fi na kowa ɗaci. Gani yake an haɗa shi da jaki ne don kada ya koyi komai. Yayyensa na can ana sana'a, shi yana bin bayan dabba yana "kur, kur". Saboda haka da damina ta sauka, aikin rijiya ya tsaya, sai ya sulale ya tafi gulbi wurin masunta, da niyyar ya koyi tasu sana'ar, wata rana ya dawo ya fi 'yan'uwansa. Kamun kifi dai bai karɓe shi ba, ko tarwaɗa ɗaya ta kirki bai taɓa kawowa gida ba. Amma ya ga yadda masunta ke yi da wanda aka tsamo daga ruwa numfashinsa ya ɗauke, ya kuma riƙe.

Ana nan, wata shekara rani ya yi tsanani, tsohuwar rijiyar garin ta cushe, mai gari ya aiko a zo a yashe ta. Da safe suka hallara, jama'a ta kewaye. Dogara ya dubi 'ya'yansa ya ce, "Na tsufa. Wannan ce rijiyata ta ƙarshe, kuma yau ni zan shiga da kaina. In na fito, zan miƙa dagin nan ga ɗayanku."

Daga nan ya yi abu uku, ku saurara da kyau. Ya dubi Jatau ya ce, "Kai je ka inuwa ka huta." Ya dafa kafaɗar Tanimu yayin da ake ɗaura wa shi tsohon igiya a ƙugu. Sannan ya tuɓe hularsa ya miƙa wa Barmo. Iyakar abin da ya faru ke nan, a gaban idon kowa. Aka kunna fitilar aci-balbal, aka zura tsohon da ita kamar yadda aka saba, don in iskar rami ta ɓaci fitila ce ke fara mutuwa.

To ku ji yadda abu ɗaya ya zama uku. Jatau ya ji "je ka huta" tamkar an ce an gama da shi, ya kuwa ga hular uba a hannun auta, ya ce ai magana ta ƙare, an naɗa Barmo. Tanimu ya ji hannun nan a kafaɗarsa, ya ce, "Har yau dai ni turke ne, abin dafawa." Ya dubi Jatau da aka ce ya zauna a inuwa kamar maigida, ya ce an riga an zaɓa. Barmo ya dubi hular da ke hannunsa ya yi tsaki, ya ce yanzu kuma an mai da shi maratayi, ga Tanimu can an dafa shi a bainar jama'a, wa zai ce ba shi ba ne? Kowannensu ya cika ya yi fam, kowanne ya tabbata ɗan'uwansa aka ba.

Jatau ya ƙi zuwa inuwar. Ya je ya yi rub da ciki a bakin rijiya ya kasa kunne, ba don tausayi ba, a'a, jira yake ya ji tsohon ya fara haki ya kira sunansa, duniya ta san ba a yi sai da shi. Yana nan kwance yana bin saran dagi da kunne, sai ya ji saran ya yi rauni, ya yi rauni, ya tsaya. Ya leƙa, ya ga wutar fitila ta ƙanƙance ta mutu. Sauran jama'a suna ta hirarsu, ba wanda ya lura. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a rami ya san abin da wannan ke nufi. Ya zabura ya kurma ihu, "Ku ja! Ku ja! Iska ta kama Baba!"

Tanimu da mutanen gari suka kama igiya suka ja. Ashe tsohon ya faɗi, ƙafafunsa sun nutse cikin taɓo har gwiwa. Suka ƙara ƙarfi, sai ji kake tas! Tsohuwar igiya ta tsinke, maza suka zube a kan juna. Wuri ya kaure da salati. Igiyoyin gugan da ke garin ba wadda za ta ɗauki mutum, balle biyu. Sai ga Tanimu ya ruga ya zazzage buhunsa, ya fito da igiyar ramar nan. Ya ɗaura wa Jatau, ya kafa ƙafafunsa a jikin gwafa. Jatau ya jiƙa tsumma ya ɗaure hancinsa, aka zura shi. Ya tone ƙafafun uban da hannu, kansa na juyawa, ya ɗaure shi a jikinsa, ya girgiza igiya. Aka jawo su su biyu, igiyar ko gezau ba ta yi ba, tafin Tanimu kuwa duk ya saɓule yana jini.

Da aka shimfiɗe Dogara a ƙasa, babu numfashi. Wani dattijo ya taɓa shi ya girgiza kai, aka kawo zane aka lulluɓe shi, mata suka fara kuka. A lokacin ne Barmo ya iso a guje, don tun da fari ya jefa hular a mangala ya kora jakinsa cikin fushi, ihun mutane ne ya dawo da shi. Ya ratsa taron ya fizge zanen. Liman ya ce, "Barmo, yi haƙuri ɗana, ka bar shi, lokaci ya yi." Barmo bai ko ɗaga kai ba. Ya sa yatsa ya kwashe lakar da ke bakin uban, ya danna ƙirjinsa, ya hura masa iska, ya sake dannawa, kamar yadda ya ga masunta na yi. Wasu har suna cewa yaron nan ya zautu, a riƙe shi. Can sai tsohon ya yi wani irin tari, ya buɗe ido. Kai, ranar an yi kabbara a Faƙon Kanya!

Yanzu kuna tsammani sai su rungumi juna, ko? Ina! Bayan 'yan kwanaki, da tsohon ya iya zama, aka taru a zaurensa, aka ajiye dagi a tsakiya. Hannunsa na dama ya riga ya saki, ko moɗa ba ya iya ɗagawa, dole ya miƙa dagin ga ɗayansu. Kafin ya buɗe baki, Tanimu ya ce, "Baba, kada ihun Yaya ya ruɗe ka. Ba gadinka yake yi ba, jira yake ka kasa." Jatau ya ce, "Kai fa? Wa ya aike ka ka riƙa yawo da igiya a buhu, in ba mai fatan tsiya ba?" Su biyun kuma suka juya kan Barmo suka ce shi wannan ai gudun gidan ya yi, ya raina sana'ar kakanninsa, a can ya tsinto dabararsa. Barmo ya ce, "Na gudu ɗin! Da can wa ya taɓa ce mini zo ka gani?"

Dogara ya dube su, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Jatau, na ce ka huta ne don na kwana ina jin tarinka. Tanimu, na dafa ka ne don gwiwata ba ta ɗaukata, kuma kai ne ban taɓa jin tsoron jingina da shi ba. Barmo, na ba ka hula ne don hannunka kaɗai ne babu laka. Wallahi har na shiga ramin nan ban zaɓi kowa ba." Ya numfasa, ya ce, "Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Da Jatau ya yarda da maganata, da yana inuwa yana barci. Da Tanimu ya haƙura, da igiyarsa na rataye a ɗaki. Da Barmo ya gamsu da gidan ubansa, da bai san hanyar gulbi ba. Ashe da 'ya'yana na ƙaunar juna, da yau kwanana nawa a kabari."

Ba wanda ya iya ɗaga ido a zauren nan. Dagi dai na nan kwance a ƙasa, gari na jiran ruwa, tsoho kuma ba zai sake shiga rami ba.

To, jama'a, ga ku ga shi. Ba don kunnen Jatau da shigarsa rami ba, da ba a sani ba sai an makara. Ba don igiyar Tanimu ba, da an sani amma ba yadda za a yi. Ba don Barmo ba, da gawa aka fitar. Kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya zo wurin da farar zuciya. Kai Mati, kada ka ce mini a ba su duka, na riga na gaya muku ba a raba shi. In ku ne Dogara, wa za ku damƙa wa dagin nan?